Maigidana ya san illar sigari, amma ya ce daɗinta yake ji

Wata baiwar Allah ce ta rubuto mana, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Anti, barka da aiki. Maigidana shekararsa 41, tun yana saurayi yake shan sigari. Ba jahili ba ne, ya fi ni sanin illarta, har kife kwalin yake yi don kada ya ga gargaɗin da ke jiki. Ya yi min alkawarin bari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har da rantsuwa, amma ba ya rufa mako sai ya koma. Na yi kuka, na yi fushi, na ɓoye kwalin, na yi gaba da shi. Rannan da na matsa masa sai ya ce min, 'Ke ba za ki gane ba, daɗinta nake ji, ita ke kwantar min da hankali.' Maganar nan ta tsaya min a rai. Wane daɗi ne a cikin hayaƙi mai wari da ɗaci? Ashe ni da yara uku ba mu isa mu kwantar masa da hankali ba? Ga ƙaramar 'yarmu tana yawan tari. Ki ba ni shawara."

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Tambaya biyu na gani a wasiƙarki. Ɗaya ta fito fili, wato wane daɗi ne a sigari. Ɗayar kuma ita ce ke hana ki barci: ko ya fi son abar nan a kanki da 'ya'yansa. Ta biyun ba za ta amsu ba sai an warware ta farkon, don haka ki ara min hankalinki, zan ɗan ja maganar.

Da farko dai ki yarda da shi. Da ya ce daɗinta yake ji, gaskiya ya faɗa, kuma ba don ya ƙona miki rai ba ne. Ina ma ganin wannan ce magana mafi gaskiya da ya taɓa gaya miki a kan sigari, ta fi duk rantsuwoyin baya. Ke da ba kya sha, wari kike ji da ɗaci, kuma hancinki bai yi ƙarya ba. Shi ma ranar da ya fara abin da ya ji ke nan: tari, jiri, tashin zuciya, idanu na zubar da ruwa. Da wuya ki sami wanda ya fara sha don daɗi. Yaro ne ya ga abokansa na busawa, ba ya so a raina shi, ya daure ya zuƙa yana danne tarin. A Amurka, inda aka daɗe ana bin ƙididdigar nan, kusan 9 cikin 10 na manyan da ke shan sigari kullum sun fara ɗanɗana ta ne ba su wuce shekara 18 ba. Kin ce tun yana saurayi yake sha. To magidancin da ke gabanki yau ba shi ya yanke shawarar nan ba. Wani yaro ne ya yanke masa, yaron da bai san ki ba, bai kuma san zai haifi 'ya'ya uku ba.

Abin da ya mayar da ɗacin nan daɗi shi ne nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba. Idan hayaƙi ya shiga huhu, nikotin kan bi jini ya isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. A can yakan sa a saki wani sinadari da ake kira dofamin, wanda aikinsa shi ne ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa abin da aka yi yanzu mai kyau ne, a riƙe shi, a sake. Da wannan tsari ne ɗan Adam ke neman abin da ke raya shi, irin abinci da ruwa da kusantar waɗanda yake ƙauna. Ta nan nikotin ke shiga, kuma saurinsa ne ƙarfinsa, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe darasin da sakamakonsa ya zo nan take.

Yanzu ki yi lissafi. Kara ɗaya akan zuƙe shi kamar sau 10. Mai shan kwali guda a yini, wato kara 20, ya yi zuƙa 200 ke nan kafin ya kwanta. A shekara 73,000. A shekara 20 kusan miliyan ɗaya da rabi, kowace zuƙa da ɗan tukuicinta a take. Abin da aka biya wa ƙwaƙwalwa sau miliyan ba ya gogewa don an yi rantsuwa da daddare.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ɗan abin da nikotin ke bayarwa na gaske. Yana wartsakar da mai kasala, yana ɗan taimaka wa mutum ya tattara hankalinsa a kan aiki na gajeren lokaci, yana rage jin yunwa. A cikin hayaƙin kuma akwai wasu sinadaran da ke rage saurin rushewar dofamin, abin da ake ganin yana ƙara wa kamun ƙarfi. Na gaya miki wannan ne don in kika ce masa "ai babu komai a cikinta", ya san ba haka ba ne, daga nan kuma ya toshe kunnensa. Amma wannan ɗan amfanin ƙanƙane ne. Kaso mafi tsoka na abin da yake kira kwanciyar hankali daga wani wuri yake fitowa, kuma shi nake so ki fahimta fiye da komai a amsar nan.

Nikotin ba ya daɗewa a jiki. Cikin kamar awa 2 rabin wanda ke jini ya tafi. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru tana samunsa kuwa ta riga ta sauya: ta ƙara yawan wuraren da ke karɓarsa, ta saba aiki da shi. Da zarar ya fara ja da baya sai ta fara nema. Neman nan ba ciwo ba ne da za a nuna da yatsa. Wani ɗan ƙunci ne a ƙirji, da rashin sukuni, da saurin hasala. Mutum ya karanta layi ɗaya sau uku bai fahimta ba. Hayaniyar yaran da bai damu da ita ɗazu ba yanzu ta ishe shi. Shi bai san nikotin ne ya yi ƙasa ba. A ganinsa aiki ne ya yi yawa, ko gidan ne ya cika surutu, ko ke ce kika faɗi wata magana. Sai ya fita ya kunna, nan da nan ƙuncin ya yaye, jikinsa ya saki. Me zai ce in ba "ta kwantar min da hankali" ba? Ta kwantar ɗin, sai dai ita ce ta tayar da shi tun farko. Susa akwai daɗi, amma mai ƙazwa ne ke jin daɗinta, mai lafiyayyar fata bai rasa komai ba don bai yi susa ba. Natsuwar da maigidanki ke samu ta 'yan mintoci bayan kara ɗaya, ita ce kike cikinta tun safe ba tare da kin kunna komai ba.

Jikinsa ma shaida ne. A daidai lokacin da yake jin ya huce, bugun zuciyarsa ƙaruwa yake yi, jininsa na hawa, jijiyoyin jini na tsukewa. A 2014 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa wani nazari da ya tattara bincike 26 a kan halin da mutane ke shiga bayan sun bar sigari. Abin da aka gani shi ne, bayan makonnin farko sun wuce, damuwa da fargaba da baƙin ciki sun ragu a wajen waɗanda suka bari idan aka kwatanta su da waɗanda suka ci gaba da sha.

Ki lura da shi da safe. Dare ne lokacin da ya fi daɗewa bai sha ba, shi ya sa mashaya da yawa za su ce miki karan farko na safiya ya fi kowanne daɗi. Likitoci ma da wannan suke auna zurfin kamun: minti nawa ne tsakanin farkawarsa da karan farko? Wanda ke kunnawa cikin rabin awa da tashinsa ya kamu sosai, wanda ba ya kai minti 5 kuwa ya fi kowa buƙatar taimakon magani.

Akwai kuma ɓangaren da ba na sinadari ba, a nan ne nake so ki tausaya masa. Ki kalle shi wata rana ba tare da fushi ba, in za ki iya. Yadda yake shafa aljihu ya tabbatar kwalin na nan kafin ya fita. Yadda yake zaro kara, ya ɗan buga gindinsa a kan kwalin, ya kare wutar ashana da tafin hannu, ya ja zuƙar farko mai tsawo, ya riƙe, sannan ya sake ta a hankali yana kallon nesa. Minti 5 ne da babu mai tambayarsa komai. Babu shugabansa na wurin aiki, babu mai bin sa bashi, babu mai cewa kawo. Yana jan numfashi mai zurfi a hankali, wanda shi kaɗai ma yakan saukar da zuciya ko babu hayaƙi. Hannunsa ya sami abin yi. In cikin mutane ne, "ɗan ba ni wuta" ta isa ta ƙulla hira tsakanin baƙi biyu. Maza da yawa ba su tashi da iya cewa "na gaji" ko "ina cikin damuwa" ba, abin da suka iya shi ne su miƙe su fita waje. Da tafiya ta yi nisa sai sigari ta manne wa komai na yininsa: gama cin abinci, shiga mota, ajiye waya bayan magana mai zafi, ɓacin rai, har farin ciki. Kowanne daga cikinsu yakan tuna masa da ita ko jikinsa bai nema ba.

To ga amsar tambayarki ta biyu. Ƙuncin da sigari ke yaye masa rashin nikotin ne ya haife shi, kuma maganinsa ba ya hannun mace, kome kyanta, kome iya zamanta da miji. Ko kin fi kowa iya tarairaya, awa 2 na cika jikinsa zai nema. Babu wanda ya auna ki da ita har aka ga kin gaza. Ki cire wannan daga ranki tun yau, domin muddin kina ganin gasa kuke yi, duk karan da ya kunna cin fuska ne a wajenki, kuma da wannan zafin za ki riƙa yi masa magana.

Kin ce ya fi ki sanin illarta. Na yarda, amma sani shi kaɗai ba ya isa a wannan sha'ani. Daɗin yanzu yake zuwa, cutar kuwa sai bayan shekara 20 ko 30, ba a kuma sa mata rana ba. Sannan ba a taɓa tambayarsa ko zai sha na shekara 30 ba. Tambayar da ke zuwa masa kullum ita ce, "Wannan ɗayan fa?" Kara ɗaya kuwa bai taɓa kashe kowa a gaban idonsa ba. Sai ya ce bari wannan matsalar ta wuce tukuna, bari a shiga sabon wata, ai ga tsoho wane can ya sha har ya haura 90. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, tsoron cutar ma sigari yake tura shi gare ta. In kika karanta masa labarin ciwon dajin huhu gabansa ya faɗi, me ya saba yi in gabansa ya faɗi? Dalilin kife kwalin ke nan.

Kada kuma ki ɗauka rashin zuciya ne. Tun 1988 babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da rahoto cewa hanyar da nikotin ke bi ya kama mutum irin ta hodar ibilis da hiroyin ce. Duk da haka a 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba 7 na ƙasar suka tsaya gaban 'yan majalisa bisa rantsuwa, suka ce ba su yarda nikotin na sa kamu ba, alhali takardun cikin gida na masana'antar da suka fito fili sun nuna an daɗe da sanin haka a can. An zuba dukiya da ilmi wajen ƙera karan nan don ya yi sauƙin zuƙa, har da sanya wa wasu sanyin mentol da ke rage zafin hayaƙi a maƙogwaron sabon shiga. Da wannan maigidanki ke kokawa. Cikin mutum 100 da suka yunƙura su bari da ƙarfin zuciya kawai, ba magani ba mai ba su shawara, da wuya a sami fiye da 5 da za su kai shekara ba su koma ba. Yawancin waɗanda suka rabu da ita gaba ɗaya sai da suka faɗi sau da dama. Saboda haka alkawuran da ya karya ba su mayar da shi maƙaryaci ba. Wanda ya yi ta rantsuwa zai bari, yana son barin ne.

Duk bayanin nan ba wanke sigari nake yi ba. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Ga ciwon zuciya, ga shanyewar ɓarin jiki, ga lalacewar huhu, ga raunin da take jawo wa namiji a shimfiɗa wanda ba kasafai ake faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, kuma tana kashe har rabin masu shan ta da ba su bari ba. Sama da miliyan ɗaya daga cikin mamatan nan ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa. A nan maganar 'yarki ta shigo, kuma a nan ba na so ki sassauta ko kaɗan.

Yaran da ke shaƙar hayaƙin taba a gida sun fi sauran kamuwa da limoniya da ciwon kunne, kuma yana tayar da asma. Ki kai yarinyar nan asibiti cikin makon nan a duba ta, ki gaya wa likita ƙarara cewa mahaifinta na shan sigari, kada kunya ta sa ki rufe. In zai yiwu ku tafi tare da shi, ya ji da kunnensa daga bakin da ba naki ba. Sannan a kafa doka: ba a sha a cikin gida, ba a sha a mota, ko yaran ba sa nan. Buɗe taga, ko kunna fanka, ko shigewa banɗaki, duk ba sa kawar da hayaƙin. Yana bin ɗakuna, yana maƙalewa a labule da katifa da tufafi. Ya fita can nesa da ƙofa da taga, in ya dawo ya wanke hannu da baki kafin ya ɗauki yarinya. Wannan haƙƙinki ne da na yara, ba alfarma kike nema ba. Barin sigari nasa ne, sai ya shirya, amma iskar da 'ya'yanki ke shaƙa ba za ta jira shirinsa ba. Ki raba maganganun nan biyu, kada ki haɗa su a zama ɗaya. Uban da ya ƙi jin "ka bari" sau da yawa yakan karɓi "ka fita waje" ba musu, kuma hana sha a cikin gida kan taimaka wa mai shan ya rage, wani ma ya kai ga bari.

Ɓoye kwali kam ki daina. Mutumin da nikotin ya yi wa ƙasa, ya laluba aljihu ya ji wayam, ba tunanin lafiyarsa zai yi ba. Zai fita ko tsakar dare ne ya nemo wani, ya dawo da haushinki, gobe kuma ya koyi ɓoye miki. Gaba ma haka take. Kada ki sake sa shi rantsuwa, domin duk wadda ya karya tana ƙara tabbatar masa cewa shi ba mai iyawa ba ne, ga nauyinta a wuyansa. Kada ki aiki yara su yi masa magana, kada ki yi masa gori a gaban mutane, kada ki riƙa sansanar rigarsa in ya shigo.

Ki nemi lokacin da yake cikin walwala, ba sa'ad da kika kama shi da kara a hannu ba, ba kuma sa'ad da ya daɗe bai sha ba. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, rannan ka ce ba zan gane ba. To ina so in gane. Me take yi maka? A cikin yini wane kara ne ka fi jin ba za ka iya rabuwa da shi ba?" Daga nan ki yi shiru ki saurara, ko ya faɗi abin da bai yi miki daɗi ba. Mai yiwuwa tun da ya fara sha babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar, kowa illar yake karanta masa. In ya buɗe baki za ku iya tarar da cewa cikin duk abin da yake sha a yini, uku ko huɗu ne yake jin daɗinsu da gaske, sauran hannu ne kawai ke kai wa baki. Mashayin da kansa yakan yi mamaki in ya lura da haka. Sai ki tambaye shi abin da ba ya so game da ita, ki bar shi ya lissafa da kansa: kuɗin da take ci, warin, numfashin da ke yanke masa in ya hau bene, faɗuwar gaban da yake ji in tari ya tashe shi cikin dare. Kada ki taya shi lissafin. Dalilin da ya fito daga bakinsa shi zai tuna ranar da abin ya matsa masa.

In ya nuna yana so ya sake gwadawa, wannan karon kada ya tafi da ƙarfin zuciya kaɗai. Akwai magani, mutane da yawa ne ba su sani ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Landan, Michael Russell, ya rubuta a 1976 cewa mutane don nikotin suke shan taba, amma kwaltar hayaƙin ce ke kashe su. Hikimar maganin maye gurbin nikotin ke nan: filastar da ake mannawa a fata, da cingam, da ƙwayar tsotsa. Suna ba jiki nikotin a hankali ba tare da hayaƙi ba, ƙuncin ya ragu, sannan a riƙa rage su cikin wata 2 zuwa 3. Sukan ƙara yiwuwar nasara da kamar rabi, kuma haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa, irin bareniklin da bufurofiyon da sitisin. Na farkon kan ninka yiwuwar bari sau biyu ko fiye. Waɗannan kada ya saya da ka, likita ne zai duba wanda ya dace da shi, musamman in yana da farfaɗiya, ko ciwon ƙoda, ko yana shan wasu magungunan. In aka haɗa magani da ganin ma'aikacin lafiya lokaci zuwa lokaci, nasarar ta fi yawa.

Ya sa rana tabbatacciya cikin mako 2 masu zuwa, ba "wata rana" ba. Daren jajibirin ranar, shi da hannunsa ya zubar da kwali da ashana da abin zuba toka. Ke kuma ki shirya wa abin da zai biyo baya. Kwana 2 zuwa 3 na farko su ne mafi tsanani, makon farko duka da wuya, sannan abin ya riƙa sauka cikin mako 2 zuwa 4. Zai yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, barci zai yi masa wuya, cin abincinsa zai ƙaru, tarin ma na iya ƙaruwa na ɗan lokaci yayin da huhu ke share kansa. Ranar da ya ɗaga miki murya a kan ƙaramin abu, ki san daga inda abin ya fito. Don Allah kada bakinki ya suɓuce ki ce "gara ka koma sha mu huta", domin a ranar ƙofa kawai yake nema. Sha'awar in ta taso 'yan mintoci take yi ta lafa, ko ya sha ko bai sha ba. Ya kurɓi ruwa, ya taka ya zagaya, ya ja dogon numfashi har ta wuce.

Kuma ki bar masa mintocin nan nasa. In ya gama cin abinci ya miƙe ya fita waje shi kaɗai kamar yadda ya saba, hannunsa babu komai, kada ki bi shi, kada ki tura yaro ya leƙo. Hutun nan yana buƙatarsa, in aka ƙwace masa shi tare da sigarin zai ji an raba shi da abu biyu a rana ɗaya. In kin ga ya ɗan yi ƙiba kada ki tsokane shi, masu bari kan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, kuma wannan ba komai ba ne a kan abin da ya tsere wa.

In ya zame ya sha kara ɗaya a mako na uku, kada ki ce "dama na sani". Ki tambaye shi ina yake a lokacin, da wa yake tare, me ya faru, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. In kuma ya ce shi ragewa kawai zai yi, ki karɓa a matsayin mataki, amma ku sani ba nan za a tsaya ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a yini na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ke kan mai shan 20. Komawa shisha ma ba mafita ba ce, ruwan ba ya tace gubar.

Ga labarin da na fi so ki kai masa a maimakon hoton ruɓaɓɓen huhu. A 1951 wasu masu bincike biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka fara bin rayuwar likitoci maza sama da 34,000 a Birtaniya, aka ci gaba da bin su har shekara 50. Shi kansa Doll mashayi ne a da, abin da ya gani a bincikensa na farko ne ya sa ya bari. Sakamakon ya nuna wanda ya ci gaba da sha kan rasa kamar shekara 10 na rayuwarsa. Amma wanda ya bari yana ɗan shekara 60 kan dawo da kamar 3 daga ciki, mai 50 ya dawo da 6, mai 40 ya dawo da 9. Maigidanki 41 yake. Bai makara ba ko kusa, kuma jiki ba ya ɓata lokaci wajen gyara: cikin kamar awa 12 iskar gubar da hayaƙi ke cusa wa jini ta koma daidai, cikin shekara guda ƙarin haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Mutumin da ya ɗauka ya riga ya gama lalata kansa ba ya ganin amfanin wahalar bari, don haka ki tabbatar ya ji wannan lissafin.

Idan bayan duk wannan ya ce bai shirya ba, ki karɓa, kada ki mayar da zaman aurenku gaba ɗaya maganar sigari. Dokar gida tana nan daram. Ki ce masa duk ranar da ya shirya za ki tsaya masa, sannan ki ajiye maganar na wasu watanni kafin ki sake taɓo ta. Ba ke kika koya masa ba, kuma in bai bari ba ba gazawarki ba ce.

Sai dai ki sa ido a kan waɗannan: tarin da ya wuce mako 3, jini a cikin kaki, dashewar murya da ta ƙi tafiya, sarƙewar numfashi in ya ɗan yi tafiya, rama ba dalili, ko miki a baki da ya ƙi warkewa. In kin ga ɗaya daga ciki ki matsa masa ya ga likita, ko ya bar sigari ko bai bari ba, kuma kada ki haɗa masa da gori don kada ya ƙi zuwa. Ciwon ƙirji mai tsanani da ke bin hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi ko ɗaukewar numfashi, wannan kam a take za a tafi asibiti ko ƙarfe nawa ne. Allah ya sauƙaƙa muku.